Ƙishirwar Hilman

Motar Baba na nan a gindin darbejiya,
Hilman ruwan ɗorawa, tsohuwar 'yar haya,
Daga Madani zuwa Sinnar ta san kowace hanya,
Yau ko kasuwar Maiurno sai an tura ta.

Na murza makulli da asuba, ta yi tari,
Na ja cok, na taka totur, na ƙara ƙoƙari,
Ta kama, ta yi rawar ɗari, ta ce in bari,
Warin fetur ya cika gida, baƙin hayaƙi a bayanta.

In ma ta tashi, azahar na jira a gaba,
Man ya tafasa cikin tiyo, ba ta sha ba,
Ta tsaya tsakiyar titi, ko kunya ba ta ji ba,
Masu raksha na hon, ni ina yi mata fifita.

Na aika aka zo da Usta Giɗaɗo, tsohon hannu,
Idonsa ya yi hazo, tafiyarsa sannu-sannu,
Ya ce, "Ni da ubanka mun kai ta kasuwar shanu
Ta Gadarif sau ba adadi. Buɗe min bakinta."

Ya kwance kafireto, ya ɗora a kan tire,
Kamar mai fiɗar kaza, ya ware, ya jere,
Ƙoƙon man duk ya ci, fari-fari da kore,
Ƙofar da ba ta fi ramin allura ba, danƙo ya toshe ta.

Ya tsoma yatsa a man, ya kai bakin harshe,
Ya tofar, ya ce, "Ba na da ba ne, ashe!
Na da ja ne, mai nauyi. Wannan tun yaushe
Ya koma salala? Tana sha, ƙishi na kashe ta."

Suwaiba 'yata, da ke karatu a Madani,
Ta leƙo da shayi, ta ce, "Baffa, ni na sani,
Da ruhin rake ake sirka man wannan zamani,
Yana jan raɓa daga iska, yana cin roba har ya huda ta."

"Rake!" in ji Usta, dariya har da hawaye,
"Tsohuwa da furfura aka mayar ɗiyar yaye?
Ko barasa ake ɗura mata, shi ya sa take maye?
Astagfirullah! Motar da ta kai alhazai Sawakin da ƙafarta!"

Ƙanena Hamidan ya ce, "Ku daina shan wuya,
A cire injin, a dasa sabo ɗan Koriya."
Na yi shiru. Na san maganarsa da gaskiya,
Amma wannan gurnanin ne ke ce mana Baba ya dawo, mu fita.

Usta ya yanko gasket a jikin tsohuwar jaka,
Ya busa ramukan da bakinsa, ya wanke, ya saka,
Ya naɗe tiyo da jiƙaƙƙen tsumma, ya ce, "Haka.
Kar mai ya yi wata a cikinta. In za ta huta, tsiyaye ta.

"Kakanninmu da fura suka baro gida,
Ga mu da kisra da weka, ciki ya yarda,
Ba a rana ɗaya ba, ba kuma da takarda.
Ita ma za ta koya, in an lallaɓa ta."

Da la'asar na murza. Tari biyu. Ta kama.
Tsuntsayen darbejiya suka watse sama,
Inna ta fito da carbi, hannunta na kyarma,
Ta kalli kujerar direba, ta ga ni ne, ta koma abinta.

Muka kai bakin kogi muka dawo, ba ta tsaya ba.
Gobe kuwa, Usta ma bai yi alkawari ba.
Na sa jarkar ruwa da tsumma a kujerar gaba,
Da sifanar Baba, a inda ya saba ajiye ta.